Naƙasa, Aure da Lafiyar Haihuwa a Nijar: Matsalar Mutum na Uku

0. Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wani fanni na rayuwar naƙasassu wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato aurensu, saduwarsu da lafiyarsu ta haihuwa. Idan aka taɓo zancen naƙasassu a ƙasarmu, abin da kan fara zuwa bakin mutane shi ne bara, sadaka, keken guragu ko koyon sana'a. Duka waɗannan suna da muhimmanci. Amma kuma makauniya tana yin haila, gurgu yana neman aure, kurma tana ɗaukar ciki, kuma kowanensu yana iya kamuwa da ciwon sanyi ko Sida kamar sauran jama'a.

Ra'ayin da mu ke karewa a nan shi ne cewa babban cikas yana cikin hanyar da naƙasasshe ke bi kafin ya kai ga sani da magani. Kusan kullum sai ya ratsa ta hannun wani: ɗan jagora, mai tura keke, mai fassara masa magana, ko uwa da uba. Wannan shi mu ka kira mutum na uku. In zazzaɓi ne ko ciwon haƙori, kasancewarsa ba ta ɓata komi. In kuwa zancen gaba ne, ko ciki, ko abin da ke tsakanin miji da mata, to sirri ya tonu tun kafin a buɗe baki, kuma sau da yawa mutum na uku shi ke yanke shawara a madadin mai jikin. Za mu duba abin da ilimin likita ya tabbatar, sa'annan hanyoyin sani na gargajiya, gidan likita, aure da fyaɗe, kafin mu kawo shawarwari.

1. Kalmomi da lissafi

Hausa ba ta da kalma guda ta asali wadda ta tattara dukan abin da Faransanci ke kira handicap. Kowane rukuni da sunansa: makaho, gurgu, kuturu, kurma, bebe, mahaukaci, mai farfaɗiya. Kalmomin musaki da miskini sun haɗa naƙasa da talauci da karɓar sadaka. Naƙasasshe ita ce kalmar hukuma da rediyo, ita kuma za mu yi aiki da ita, amma za mu riƙa kiran kowane rukuni da sunansa, domin buƙatar makauniya dabam take da ta gurguwa.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa kashi 4,2 bisa 100 na mutanen Nijar suna da wata naƙasa, wato mutum fiye da 700.000 daga cikin miliyan 17. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2022, ta ƙiyasta kashi 16 bisa 100 ga duniya baki ɗaya. Bambancin ya zo ne daga yadda a ke yin tambaya da kuma wanda ke ba da amsa. A ƙidaya, maigida ke magana da sunan gidansa, kuma ba kowane uba zai ambaci ɗiya mai farfaɗiya ko taɓin hankali ba, don gudun kada a ƙi auren ƙannenta. Ke nan tun daga lissafi mutum na uku ya shigo.

Dole a sa wannan adadi cikin yanayin ƙasar. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya sami matsakaicin haihuwa ƴaƴa 7,6 ga kowace mace, ya kuma nuna cewa kashi 76 bisa 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Binciken 2021 ya sami 6,2. A inda aure da haihuwa su ne ke ba mutum matsayin babba, wanda aka hana ma su an bar shi cikin sahun yara har tsufansa.

2. Abin da mutane ke zato da abin da jiki ke yi

Zato biyu ne su ka fi yawa. Na farko, cewa naƙasasshe ba shi da sha'awa ko ba ya iya saduwa. Na biyu, cewa zai haifi irinsa. Dukansu ba su yi daidai da mafi yawan naƙasar da a ke samu a ƙasarmu ba.

2.1. Makanta da kurunta. Galibin makanta a nan daga cuta ta ke fitowa: yanar ido, amodari, ƙyanda tare da ƙarancin bitamin A, hawan jinin ido. Kurunta kuma ta kan biyo bayan sanƙarau, ƙyanda ko ciwon kunne da ba a yi wa magani ba; annobar sanƙarau ta 1995 da 1996 ta bar yara da dama ba su ji. Wanda ya kurumce don sanƙarau ba ya gadar wa ɗansa kurunta. Akwai irin da a ke gado, kuma auren zumunta yana ƙara yiwuwarsa, amma wannan ya shafi iyaye masu ji da gani kamar yadda ya shafi sauran.

2.2. Shan inna. Cutar tana kashe jijiyoyin da ke motsa nama, ba ta taɓa jijiyoyin ji ba, ba ta kuma taɓa mahaifa ko maniyyi. Gurguwar da shan inna ya kama tana ɗaukar ciki kamar kowa. Abin lura shi ne ƙugu: in cutar ta kama ta tun tana ƙarama, ƙashin na iya karkacewa, haihuwa ta yi wuya. Saboda haka ya kamata a auna ta tun cikin yana ƙarami, a kuma tsara ta haihu inda a ke iya yin tiyata. Doguwar naƙuda a gida ita ke kawo yoyon fitsari, naƙasa bisa naƙasa.

2.3. Rauni a laka. Haɗarin kabu-kabu, faɗawa rijiya ko faɗowa daga icce su kan karya ƙashin baya. Ga mace, haila ta kan ɗauke ƴan watanni sa'annan ta dawo, ikon ɗaukar ciki kuma yana nan. Sai dai tana iya shiga naƙuda ba ta ji ciwo ba. In raunin yana sama, daga tsakiyar kafaɗu zuwa wuya, naƙuda ko cikar mafitsara na iya tayar da hawan jini farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da zufa. A kan rikita wannan da jijjigar masu ciki, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Ga namiji, miƙewar gaba da fitar maniyyi su kan ragu, gwargwadon wurin raunin. Akwai magani ga wasu, akwai kuma dabarun kwanciya da ma'aurata ke iya koyo in sun sami mai yi masu bayani ba tare da dariya ba.

2.4. Kuturta. Ƙwayar cuta ke kawo ta, ba gado ba ce. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna da ke warkar da ita cikin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta a ke ba da shi. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa cutar. Dungun yatsu tabo ne na abin da ya wuce. Mai ciki tana iya ci gaba da shan maganin, sai dai a sa mata ido, domin kumburin jijiyoyi na iya tashi lokacin ciki da bayan haihuwa. Namijin da ya daɗe bai sami magani ba, cutar na iya lalata masa ƴaƴan maraina. Cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka sani da aikin kuturta, an buɗe mata sashen gyaran yoyon fitsari a 2012.

2.5. Farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta shimfiɗa. Amma a nan akwai wani abu da ma'aikatan lafiya da yawa ba su kan tambaya ba. Gardénal da Tégrétol suna sa hanta ta yi saurin narkar da maganin tazarar haihuwa, don haka ƙwayoyin sha da ƴan sandunan da a kan sa ƙarƙashin fatar hannu, irin su Jadelle da Implanon, ba su aiki sosai ga mai shan su. Allurar wata uku da robar da a kan sa cikin mahaifa ba su da wannan matsala. Dépakine kuma yana da haɗari ga ɗan tayi: wajen jariri 1 cikin 10 na zuwa da tawaya a halitta. Macen da ke son ciki sai ta ga lokotoro tun da wuri a duba ko za a sake mata magani, kada kuma ta bar sha da kanta, domin faɗuwa da ciki ita ma haɗari ce.

Duka wannan sani ne mai sauƙin faɗi. Tambayar ita ce ta wace hanya zai kai ga mai shi.

3. Hanyoyin sani da su ka toshe

A ƙasar Hausa uwa ba ta zama da ɗiyarta ta yi mata bayanin saduwa, uba ma haka da ɗansa. Kunya ta hana. Amma al'ada ta buɗe wasu ƙofofi. Akwai kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba ta faɗi. Akwai goggo da yaya, akwai ƙawaye a dandali, a rijiya da wajen talla. Akwai arwanka da tsofaffin mata ranar wankan amarya. Samari suna da fada, inda a ke shan shayi a ke hira har dare. Makarantar allo da islamiyya suna koyar da hukuncin haila, janaba da jinin biƙi cikin Ahalari, Ishmawi da Risala. Bayan su ga lakkol, ga rediyo.

Idan mu ka bi waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, za mu ga yadda su ke rufewa. Yarinyar da ba ta tafiya ba ta zuwa rijiya, ba ta talla, ba ta dandali. Kurma yana zaune a fada amma hirar ta wuce shi, kuma duk saƙon da rediyo ya watsa tun farkon kokowa da Sida bai shiga kunnensa ba. Makauniya tana jin rediyo, amma hoton da ke manne a bangon gidan likita da gwajin yadda a ke sa kwaroron roba, wanda a kan yi da nuni, ba su amfane ta ba. Ita kuma kaka, tun da ta ɗauka jikarta ba za ta yi aure ba, ba ta ga dalilin yi mata nasihar aure.

Kurame sun fi kowa shan wahala a nan, kuma matsalarsu ta harshe ce. Makarantun kurame na Yamai, Maraɗi da Damagaram suna koyar da yaren hannu wanda tushensa na Amurka ne, ya kuma bazu cikin ƙasashe masu aiki da Faransanci ta hanyar aikin Andrew Foster. Amma yawancin kurame ba su shiga waɗannan makarantu ba. Suna aiki da maganar hannu ta Hausawa, wadda Constanze Schmaling ta bayyana tsarinta a Kano cikin littafinta na 2000, ko kuma da alamomin da gidansu kaɗai ya sani. Mai fassara da ya koyi yaren makaranta ba lalle ne ya fahimci kurmar ƙauye ba.

4. Mutum na uku a gidan likita

Gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sa'annan awon ciki da maganin tazarar haihuwa a 2006. Wannan ya rage nauyin kuɗi. Bai taɓa matsalar da mu ke magana a kanta ba.

Mu ɗauki makauniya mai fama da ƙaiƙayi da zubar ruwa. Wanda ke ja mata sanda galibi ɗanta ne ko ɗiyarta mai shekara takwas ko goma, wani lokaci ma ɗan fari, wanda al'ada ta hana ta ko kiran sunansa. Shi zai kai ta har gaban ungozoma, ya tsaya. Ma'aikaciya kuma, bisa sabo, sai ta dubi yaron ta ce: «Mi ke damunta?» Matar za ta ce ciwon ciki ne, a ba ta magani, ta koma gida da cutarta. In an yi mata gwajin Sida, sakamakon yana bisa takarda, wani zai karanta mata. In an ba ta ƙwayoyin tazara, 21 na farko da 7 na ƙarshe launi ne ya bambanta su, hannu ba ya ganewa. In tana da ciki aka ce mata ta zo da sauri in ta ga jini, ba a gaya mata yadda za ta rarrabe jini da ruwa ba.

Ga kurma, mai fassara uwa ce, ko ƴar'uwa, ko miji. Kurmar ba ta da hanyar sanin ko abin da ta nuna shi aka faɗa, ko abin da ungozoma ta ce shi aka nuna mata. A kan taƙaita bayanin minti biyar cikin alama guda: sha wannan. In kuma wanda ya rako ta shi ne ya yi mata cikin da ƙarfi, ko shi ke dukanta, to mai laifi ne ke ba da shaida. A ɗakin haihuwa, inda ba a barin dangi su shiga, ta kan rasa ko wannan. A na ce mata ta yi nishi ba ta ji, sai a ɗauka taurin kai ne.

Ga gurguwa, matakala ce a ƙofa, yashi a fili, gadon awo mai tsawo wanda sai an ɗauke ta an ɗora, da salga wadda sai ta rarrafa da hannu bisa ƙazanta. Mai ɗaukarta ya kan zama namiji ne, don shi ke da ƙarfi. Sa'annan ga maganar da mata naƙasassu su ka sha kawo kuka a kanta a tarurrukan ƙungiyoyinsu, wato ma'aikaci ya dubi cikinsu ya tambaya wane marar tausayi ne ya yi wannan. Matar aure da aka yi wa wannan tambaya sau ɗaya ba ta komawa awo na biyu.

Masu ƙarancin fahimta da masu taɓin hankali su ne mutum na uku ya fi rinjaya a kansu. Iyaye, don tsoron abin kunya, su kan nemi a riƙa yi wa yarinya allura ba da saninta ba, wasu ma su nemi a juya mata mahaifa. Tsoronsu gaskiya ne. Amma allura ciki kawai ta ke hanawa: ba ta hana fyaɗe, ba ta hana cuta, kuma tana iya ɓoye alamar da za ta tona mai laifi.

5. Aure: fiƙihu, al'ada da doka

Nijar ba ta da kundin dokar iyali, don haka yawancin shari'ar aure da al'ada a ke yanke ta, al'adar Hausawa kuwa ta cuɗe da fiƙihun Malikiyya. Ya kamata a san abin da fiƙihun ya ce, domin mutane su kan jingina masa abin da ba shi ya faɗa ba. Bisa Risala da Muhtasar na Halil, aibin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure su ne hauka, kuturta, albaras da cutar gaba mai hana saduwa. Makanta, gurgunta da kurunta ba su cikin wannan jeri, sai in an gindaya sharaɗin lafiya tun wajen ɗaurin aure. Wanda ya san aibin kafin aure, ko ya gano shi ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Kuma in a na sa ran warkewa, a kan jinkirta shekara guda don magani. Tun da yake maganin kuturta na yau yana ƙarewa cikin wata 6 zuwa 12, wannan batu ne da ya kamata malamai da likitoci su zauna a kansa tare.

Al'ada ta fi fiƙihu tsanani, kuma ba ta yi wa namiji da mace awo da mudu ɗaya. Hausawa na cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Makaho ko gurgu mai abin hannu yana aure, har ya ƙara. Ita kuwa mace, dangin miji su kan tambaya ko za ta iya daka, ɗibar ruwa da goyo. Daga nan sai a ga auren sadaka, ko a kai ta ta uku ko ta huɗu ga tsoho, ko a aurar da mai taɓin hankali da sunan aure magani ne, ba tare da an nemi bakinta ba. Akwai kuma mazan da ke zuwa da dare su ƙi ta da rana, in ciki ya fito su musanta.

A wani gefen, naƙasassu suna da tsarin kansu tun da daɗewa. Sarkin makafi, sarkin guragu da sarkin kutare suna shiga neman aure, suna sulhunta ma'aurata, suna tsayawa a matsayin waliyyai ga wanda danginsa ke nesa. Unguwar Kara-Kara ta Damagaram, wadda Aïcha Macky ta nuna cikin fim ɗinta na 2021, asalinta wurin da aka keɓe kutare ne, kuma a nan aka yi aure aka hayayyafa.

Ta fannin doka, akwai dokar 93-012 ta ran 2 ga Maris 1993 bisa kare naƙasassu, da dokar 2006-16 ta ran 21 ga Yuni 2006 bisa lafiyar haihuwa, da dokar 2019-62 ta ran 10 ga Disamba 2019. Nijar ta kuma amince a 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu. Aya ta 23 ta tabbatar masu da haƙƙin aure bisa yardarsu, da zaɓen yawan ƴaƴa da tazararsu, da hana kashe masu haihuwa. Aya ta 25 ta wajabta a ba su kulawar lafiyar saduwa da haihuwa daidai da ta kowa, bayan an yi masu bayani sun yarda. Rubutun ya wadatar. Aiki da shi ne ya rage.

6. Fyaɗe da Sida

Zaton cewa naƙasasshe ba ya saduwa ya sa an daɗe ba a sa shi cikin kokowa da Sida ba. Binciken da Nora Groce ta jagoranta tare da Bankin Duniya a 2004 shi ya fara jawo hankali sosai. A Yawunde ta ƙasar Kamaru, binciken HandiVIH da aka buga a 2017 ya ɗauki naƙasassu 807 da wasu 807 marasa naƙasa: cikin waɗanda aka yi wa gwaji, kashi 6,8 bisa 100 na rukunin farko suna ɗauke da ƙwayar cutar, na biyu kuma 3,9. Yaɗuwar Sida a Nijar ba ta kai haka ba, domin kashi 0,4 bisa 100 aka samu a 2012, amma dalilan da su ka kawo bambancin, wato talauci, rashin sani da tilas, suna nan a wurinmu.

Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa yaro mai naƙasa ya fi sauran yara fuskantar lalata kusan sau 3, mai ƙarancin fahimta ko taɓin hankali kuwa sau 4,6. Dalili a fili ya ke. Makauniya ba ta ga fuska ba, bebiya ba ta iya kiran suna, gurguwa ba ta gudu, mai taɓin hankali ba a yarda da maganarta. Mai kwana a tasha ko bakin kasuwa ba ta da ƙofar rufewa. Ga kuma camfin da ke cewa kwana da mahaukaciya na kawo dukiya ko warkar da cuta. Abin da kowane mai kula da naƙasasshe ya kamata ya sani shi ne lokaci: maganin rigakafin Sida sai cikin awa 72 bayan fyaɗe, na hana ciki kuma cikin kwana 5. Kwanakin da dangi kan ɓata suna shawarar rufin asiri su ne kwanakin magani.

7. Shawarwari

Ba a iya kawar da mutum na uku, domin taimakonsa a na buƙata. Abin yi shi ne a san inda zai tsaya.

a) Ma'aikacin lafiya ya yi magana da mai jikin kai tsaye, kuma a kowane awo a keɓe lokacin da ɗan rakiya zai fita waje. In aka mai da wannan ƙa'ida ga kowa, babu wanda zai ji an zarge shi.

b) Ga makafi, a bar nuni a koma taɓawa: a sa masu kwaroron roba da katin ƙwayoyi a hannu, a yanke kusurwar katin don su san mafari, a faɗa masu sakamakon gwaji da baki su kaɗai. Saƙon murya ta wayar salula ya fi rubutun Braille isa ga jama'a, tun da kaɗan ne su ka koye shi.

c) Ga kurame, a horar da mata kurame su zama masu fassara da wayar da kai, a ɗaure su da alkawalin riƙe sirri. Kowane ɗakin haihuwa ya sami allon hotuna da alamomi kamar ashirin: ciwo, jini, ruwa, yi nishi, dakata. A koya wa mai ciki su tun lokacin awo.

d) Ga guragu, gangara a ƙofa, gado guda maras tsawo ko katifa mai tsabta a ƙasa, da kujerar salga. Kafinta da magini na gari suna iya yin su duka.

e) Kafin a ba da maganin tazara, a tambayi kowace mace ko tana shan maganin farfaɗiya. Mai zama bisa keke yini duka, a yi hattara da ƙwayoyi masu haɗin sinadari biyu, don suna ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

f) Yara masu ƙarancin fahimta a koya masu sunan gaɓoɓinsu, da wanda ya halatta ya taɓa su, da wanda za su gaya ma in wani ya taɓa su. A maimaita har ya zauna. A nemi yardarsu gwargwadon fahimtarsu, kada a kashe wa kowa haihuwa da sunan kare shi.

g) A bi ta tsarin da ke akwai: sarakunan makafi da na guragu, Tarayyar Ƙungiyoyin Naƙasassu ta Nijar (FNPH), limamai, da makarantun mazaje da aka fara a jahar Damagaram a 2008. Kaka da goggo kuma a tuna masu cewa wannan jikar ma tana buƙatar nasiha. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka naƙasassu su kasance cikin masu koyarwa.

8. Kammalawa

Mun nuna cewa yawancin naƙasar da a ke samu a ƙasarmu ba ta hana saduwa, ba ta hana haihuwa, kuma ba a gadonta. Mun nuna kuma cewa sani da magani ba su isa ga naƙasasshe sai ta hannun wani, a fannin da kunya ta fi ƙarfi. Galibin gyaran da mu ka kawo ba ya cin kuɗi mai yawa. Akwai kuma rabon da ya faɗo kan masu nazarin harshe: tattara kalmomin Hausa na jiki da saduwa waɗanda a ke iya faɗi gaban babba ba tare da batsa ba, kuma su fito da ma'ana sarai, da ɗaukar alamomin maganar hannu da kurame ke aiki da su a Maraɗi, Damagaram da Tawa, a gwama su da na makaranta. Muna fatan ɗalibai da ƙungiyoyin naƙasassu za su ɗauki wannan aiki tare.